Amsa ga wadda Babanta tsohon soja ya ƙi zuwa asibiti

Wa'alaikumus salam, 'yata. Na ga tambayarki, cewa tun da Baba ya yi ritaya ba ya barci, yana firgita cikin dare, ga jiri da ciwon kai, amma duk wanda ya ambaci asibiti sai ya rufe shi da faɗa. Ni ma tsohon saje ne, ina cikin waɗanda aka tura Laberiya da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, bayan shigarta a 1990. Bari in faɗa miki abin da shi ba zai taɓa faɗa ba.

Tun ranar da aka aske mana kai a makarantar kurata ta Zariya ake cusa mana cewa jiki ba shi da ta cewa. Ƙafa ta kumbura, ka tura ta cikin takalmi, ka ɗaure igiya, ka fita fareti. Mai ciwo kuwa sai ya fito gaban jama'a da asuba, samanja ya dube shi sama da ƙasa, 'yan kwas ɗinsa suna ƙus-ƙus wai gudun aiki ne. A dokar soja ma ciwon ƙarya laifi ne da ake hukunci a kai. Ga tsoron kada a rubuta wani abu a fayil ɗinka, a tsallake ka wajen ƙarin girma, ko a sallame ka da sunan rashin lafiya. Mutumin da ya tsufa a haka, ajiye kaki ba ya raba shi da wannan hali.

Ciwon jiki ma da sauƙi. Akwai wani abokina da ko a gidan biki ba ya zama sai bayansa na jingine da bango, idonsa na kan ƙofa. Taya ta fashe a titi, sai ka gan shi rub da ciki, ya tashi yana kaɗe riga cikin kunya. Likitoci suna kiran wannan PTSD, wato ciwon firgici da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, kuma yana da magani. Yaranmu da suka yi Lafiya Dole, wato yaƙi da Boko Haram a Borno, da yawansu da shi suka dawo. A gida sai a ce iska ce ko sammu, ko a ce ai sojoji haka suke. Ba na hana addu'a, ni ma ina yi, amma a haɗa da likita.

Kada ki tara masa dangi, zai ga an kafa masa kotu. Kada kuma ki fara ambatar asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko Dawanau, a kunnensa kin kira shi mahaukaci ke nan. Nemo wanda suka yi kwas tare, ko wanda ya girme shi a muƙami. Idan ba ki san kowa ba, je ofishin ƙungiyar tsoffin sojoji ta Nigerian Legion a jiharku. Wannan mutumin ne zai zo ya ce, "Oga, tashi mu je a auna mana jini." Mu je, ba je ka ba. Tsohon soja ya san umarni, ya san rakiya, lallashi ne bai saba da shi ba.

A fara da awon hawan jini da suga, waɗannan ba abin kunya ba ne a wurinsa. Ke kuma ki riga shi ganin likitan ki gaya masa batun barci da firgitar, shi zai san yadda zai shigo da zancen. A duba masa kunne ma, don ƙarar igwa ta kashe wa da yawanmu ji, wani ihun da kuke ɗauka faɗa ne kurumta ce. Idan kuɗi ne damuwarsa, bincika takardunsa, akwai inshorar lafiya ta DHML da ta haɗa da masu ritaya, kuma idan kuna kusa da Kaduna asibitin sojoji na 44 ya san irinmu.

Amma fa idan ya soma cewa gara ya mutu ya huta, ko yana ɗirkar maganin barci da tramadol, ko bakinsa ya karkace, hannu ya yi nauyi, to ba a jiran abokin kwas. A sa shi a mota a ranar, ko da yana zagi.