Na ɗora bene, yanzu bango ya tsage

Tambaya: Injiniya, bara na zuba dekin a kan gidana na ƙasa, na ɗora ɗakuna uku. Tun da damina ta faɗi, tsaga ta fito daga kusurwar taga ta yi sama a karkace, ƙofar falo ma ta daina rufuwa. Birkilana ya ce ginin yana zama ne, a shafe da filasta. Iyalina suna ciki, ba na iya barci.

Amsa: Alhaji, rashin barcinka yana da dalili. Kada ka bari a shafe tsagar nan.

Nauyin gini ba ya ɓacewa, sauka yake yi. Dekin ya miƙa wa bim, wato kankaren da ke kwance ya tallafe shi, bim ya miƙa wa fila, wato ginshiƙi, fila ta miƙa wa fandisho, fandisho ya shimfiɗa shi a kan ƙasa. Dekin mai kaurin inci 6 yana kai kilo 360 a kowace murabba'in mita. Ɗaki mai mita 4 a tsaye, 4 a kwance, dekinsa kaɗai ya kai nauyin buhun siminti 115, kafin a zo ga bulo da tankin ruwa. Fandishon da aka haƙa don ɗaukar rufin kwano ne aka aza wa wannan kaya, ruwan damina kuma ya zo ya tausasa ƙasar da ke ƙarƙashinsa.

Wannan magana ta "gini yana zama" ita ce ke ƙona mini rai, kullum sai na ji ta. E, sabon gini yana ɗan sauka, amma gaba ɗayansa yake sauka, ba ya karkatar da ƙofa. Tsagar filasta siririya ce kamar gashi, kuma ba ta girma. Wadda ta tashi daga kusurwar taga a karkace, ta ratsa bulo, tana faɗa maka wani ɓangaren gidan ya fi wani nutsewa. Kankare gwanin jure danni ne, amma a ja ƙarfinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba, shi ya sa ake sa rodi, filasta kuwa ba rodi a cikinta. To me za ta riƙe? Rufe bakin mara lafiya ne don kada a ji nishinsa. Birkila ya iya jera bulo, ban raina sana'arsa ba, amma bai auna ƙasar ba, bai lissafa rodi ba, sai ya daki bango da tafin hannu ya ce "wannan ko hawa uku zai ɗauka." Da wane lissafi? Shi zai karɓi kuɗinsa ya tafi, 'ya'yanka ne za su kwana a ƙarƙashin dekin. Ranar 12 ga Yuli 2024 ginin makaranta ya rufta wa ɗalibai a Jos, mutum 22 suka rasu.

Yau ɗin nan ka juye ruwan tankin sama, ka kwashe kaya daga benen. Ka shafa ɗan siminti a gicciye kan tsagar, ka rubuta kwanan wata a gefe, in ya fashe, tsagar tana tafiya. Ka nemo injiniyan gini mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya tona gefen fandisho ya gani da idonsa, ya duba ko akwai fila a cikin bangon, ya kuma duba ko sokawe ko kwata na yoyo a kusa. In ka ji ƙara a bango, ko ka ga tsaga a jikin fila ko bim, ka fitar da iyalinka a daren, kada ka jira safiya.