Amsa: cikowar ruwa tana makara a samfurina, in ƙara matse raga?

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce samfurin kwamfuta da ka gina na cikowa da janyewar ruwa a tekun gaɓa yana tafiya daidai kusa da buɗaɗɗiyar iyaka, wato gefen da ya haɗu da babban teku, amma a tashoshin ciki ruwan yana makara, tsayinsa kuma bai kai wanda aka auna ba, shi ne kake tunanin ƙanƙanta gidajen raga, wato ƙananan gidajen da aka rarraba tekun a cikinsu don yin lissafi. Ni dai a ganina ka bar ragar nan tukuna. Na daɗe ina wannan aiki, kuma da wuya in ga makara irin wannan ta fito daga raga. Kwamfutarka kawai za ka ƙara wa nauyi, don duk matsewar da ka yi sai ka rage tsawon matakin lokaci saboda sharaɗin CFL, ƙa'idar da ta hana igiya tsallake fiye da gida ɗaya na raga a mataki ɗaya.

Fara da zurfi. A ruwa mara zurfi, saurin igiyar cikowa ya dogara ne ga zurfin da ke ƙarƙashinta: a mita 10 tana gudun kusan mita 9.9 a daƙiƙa, a mita 8 kuwa kusan 8.9. Ka lissafa a tafiyar kilomita 100, makarar ta kai minti 20 ke nan, daga kuskuren mita biyu kacal. To daga ina ka samo zurfin? In daga taswirar matuƙan jirgi ne, su daga matakin ruwa mafi ƙasa suke aunawa, don kada jirgi ya kafe, alhali samfurinka matsakaicin matakin teku yake so. In ba ka cike wannan giɓin ba, tekunka ya fi na gaskiya rashin zurfi ko'ina, kuma hakan zai jawo makara da raguwar tsayi a tare, wato daidai abin da ka kwatanta. In kuwa GEBCO ka ɗauko, wato taswirar zurfin tekunan duniya, yana da amfani a tsakiyar teku, amma a bakin gaɓa da mashigin koguna yakan shafe ƙananan hanyoyin ruwa masu zurfi, waɗanda ta cikinsu ne cikowar take shiga.

Sai agogo. TPXO da FES2014, samfuran cikowa na duniya da ake ɗauko bayanan iyaka daga cikinsu, da lokacin Greenwich suke aiki, wasu ma'aunan tsayin ruwa kuwa da lokacin ƙasarsu suke rubutawa. Awa ɗaya a M2, babban ɓangaren cikowa da jan wata ke haifarwa sau biyu a rana, kusan digiri 29 ce cikin 360 na zagayenta. Alamar wannan matsala ita ce kuskuren ya zo iri ɗaya a duk tashoshi. Naka tunda yana ƙaruwa ne yayin da ake shiga ciki, zurfin na fi zargi.

Gogayyar ƙasan teku ita ce ta ƙarshe, kodayake ita mutane suka fi gaggawar taɓawa. Fara da adadin gogayya 0.0025 da aka saba, ka riƙa canzawa kaɗan-kaɗan. In ka ga sai ka saukar da ita ƙwarai kafin tsayi ya daidaita, to ɓoye ciwon zurfi kake yi, kuma gudun ruwanka zai fito ba daidai ba ko da tsayin ya yi kyau.

Wajen kwatantawa kada ka tsaya ga ɗora layi kan layi, domin iska da matsin sararin sama suna cikin abin da aka auna, samfurinka kuwa babu su. Warware bayanan zuwa ɓangarorin cikowa da manhajar UTide ko T_TIDE, ka duba kowane ɓangare shi kaɗai. Gwada M2 ita kaɗai da farko, zagayenta awa 12.42 ne, in ta zauna ka ƙara sauran manyan ɓangarorin, wato S2, N2, K1 da O1. Raba M2 da S2 yana buƙatar kusan kwana 15, M2 da N2 kuwa kusan 28, don haka ka gudanar da wata guda aƙalla, ban da kwanakin farko da za ka zubar kafin ruwan ya natsa. Ka leƙa M4 ma, ɓangaren da ke tasowa daga M2 a ruwa mara zurfi, a nan ne raga take da ta cewa, musamman in akwai filayen da ke bushewa lokacin janyewa.

Turo mana tsayi da lokacin isowar M2 na kowace tasha, na aune da na samfuri, a jere daga iyaka zuwa ciki, mu duba tare.