Amsar Gwaggo ga amarya: me za a tanada a gida saboda ko-ta-kwana?

(An rubuto muryoyin ne saboda waɗanda suka ce ba su da datar saurare.)

Murya ta farko

Assalamu alaikum mutanen gida, barkanmu da yamma. Ɗiyata amarya, na ji saƙonki tun da hantsi, zama ne ban samu ba sai yanzu. Kin ce maigidan naki ya fara tafiyar nan ta Legas, sai ya yi mako biyu uku ba ya nan. Daren jiya aka ɗauke wuta, wayarki ta mutu, kika ji kamar warin gas a kicin, kika rasa yadda za ki yi, a zaune kika kwana. Shi ne kike tambaya me za ki saya ki ajiye. Na kuma ji Baffanku ya shigo da tsokanarsa, wai tsoro ne irin na 'yan zamani, Allah ne mai tsarewa. Alhaji, wa ya musa? Shi ne mai tsarewa. Amma ai kai ne kake jawo mana hadisin mai raƙumi, wanda Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce masa ya ɗaure tukuna sannan ya yi tawakkali. Kuma ni dai ban taɓa jin ka bar ƙofar shagonka a buɗe ka tafi gida ba. To mu bar wannan.

Ɗiyata, kafin a zo maganar sayayya, tambaya ɗaya zan miki. In ya fita ya kulle get, ina makulli yake? In kin ce min a aljihunsa, to daga nan za mu fara.

Shekarun baya a tsohuwar unguwarmu, cikin hunturu, wuta ta kama wani gida bayan layinmu. Maigidan ya tafi masallacin asuba, ya danna kwaɗo ta waje, makullin na jikinsa. Tagogi kuwa duk an bi su da ƙarfe saboda ɓarayi. Matar da yara uku suna ta ihu daga ciki, mu muna waje muna jin su, ba hanyar shiga. Da gatari da taɓarya samarin unguwa suka karya ƙofar nan. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma ƙaramin ya daɗe a asibiti saboda hayaƙin da ya shaƙa. Tun daga ranar na sa aka yanka makulli uku. Ɗaya na rataye a ƙusa bayan ƙofar falo, har autana mai shekara bakwai a lokacin ya san wurin, ko a duhu zai lalubo shi. Ɗaya na wajen maƙwabciyar da na yarda da ita. Wannan bai kai kuɗin katin waya ba, kin gane?

Yanzu gas ɗin. In kika ji wari, kada ki taɓa makunnin fitila, ko kunnawa ko kashewa, kada ki ƙyasta ashana wai ki duba. Ki rufe kan tukunyar gas ɗin, ki wangale ƙofa da taga, ki fita waje. Shi gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwantawa, shi ya sa sai ki ga an buɗe taga ta sama amma yana nan maƙale a ƙasan kicin. Da rana kuma ki kaɗa ruwan sabulu ki shafa a jikin tiyon da wurin da ya haɗu da regileta. In kika ga yana tada kumfa, nan yake zuba. Tiyon da ya fara tsagewa a canza shi, ba a naɗa masa leda ko robar taya. Kuma kullum kika gama girki, daga kan tukunyar za ki kashe.

In mai ya kama da wuta a kasko, don Allah kada ki watsa ruwa. Ruwa na taɓa mai mai zafi wutar za ta yi tsalle ta kama labule da fuskarki. Ki kashe gas, ki kifa masa murfin tukunya ko faranti, ki bar shi a rufe har ya huce. Ki sa almajirinki ya cika miki tsohon bokitin fenti da yashi, a ajiye bakin kicin. Sannan ki sa maigidan ya nuna miki inda ake kashe wutar gidan gaba ɗaya, ki gwada da hannunki a gabansa. Mata da yawa sun shekara goma a gida ba su san wurin ba.

Murya ta biyu

Yi haƙuri, yaran nan ne suka shigo min. Ina nake? Yauwa.

Hunturu na tafe, to ga abin da ke kashe mutane shiru ba ihu. Gawayi a kurfoti cikin ɗaki a rufe, da janareta a soro ko a barandar da ke jikin tagar ɗakin kwana. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, sai dai mutum ya ji ciwon kai da jiri da barci mai nauyi, shi ke nan. Sau nawa muka ji a rediyo an wayi gari an tarar da iyali guda a kwance? Ki ji ɗumi a tsakar gida, in za ki kwanta ki fitar da kurfotin. Hitar dafa ruwa kuma, wadda ake tsomawa a bokiti, ita ce uwar gobarar hunturu. A jona, a ɗauke wuta, a manta, a kawo wuta cikin dare ruwan ya ƙone. In an ɗauke wuta, a zare ta nan take.

Fetur kuwa ba na son jin an ajiye shi a ɗaki ko a kicin, ko da galan ɗaya ne. Tururinsa ma kaɗai kamawa yake. Kun dai tuna Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024, tankar da ta faɗi, fiye da mutum 150. Allah Ya jiƙansu.

To sai abin da kika tambaya, na saye. Ni ba dogon lissafi zan ba ki ba, don in na ba ki ba za ki saya ba. Ki tambayi kanki kawai: in aka ce kwana uku ba fita, ba wuta, ba sabis, me zai fara ƙarewa? A gidana ruwa ne. A wancan Oktoban dai na 2024, da aka lalata layin wutar da ke kawo wa Arewa, muka yi sama da mako guda cikin duhu. Ni duhun bai dame ni ba kamar ruwa. Masu burtsatse ba wutar jan ruwa, 'yan garuwa suka tsuga kuɗi, wani lokaci ma da kuɗinki a hannu ba ki samu ba. Saboda haka ki samu jarka biyu ko uku masu murfi, na sha kaɗai, ki riƙa juya su, kina sha kina cikawa, kada su zauna wata da watanni. In kina shakkar ruwa, ki tafasa shi ya yi tafasa sosai.

Tocila ki sayi mai batir guda ɗaya ban da mai caji, don mai caji ranar da kike nemanta ranar take mutuwa. Kyandir ba na so, gidan da yara suke balle. Ƙaramar waya mai madannai, wadda cajinta ke kwana huɗu biyar, ki sa mata layi da ɗan kati ki ajiye a durowa. Abinci kuma wanda ba ya jiran firji: garin kwaki, sukari, ƙuli-ƙuli, dabino, taliya, shinkafa da wake, mai da gishiri. Iyayenmu da rumbu suka san wannan tun kafin a haife mu. Lokacin kullen korona na 2020 ai mun ga bambancin gidan da ke da kwano biyar a ajiye da wanda kullum sai an je awo.

Sai tsabar kuɗi. Wannan ni da kaina na ji a jikina. Farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, jikata ta tashi da zazzaɓi mai zafi wajen ƙarfe ɗaya na dare. Ga kuɗi a asusu, na tura wa mai kemis har sau uku bai shiga ba, ya ce shi sai ya gani a wayarsa. Mai adaidaita ma tsaba yake so. Wallahi da ɗankunnena na bar jingina. Tun daga nan akwai ambulan da ba na taɓawa, kuɗin mota zuwa asibiti da dawowa, da na kati da maganin farko, kuma ƙananan takardu, don da tsakar dare ba mai ba ki canji. Amma fa ba kuɗin anko ba ne, ɗiyata, na san ku.

Murya ta uku

Magani. Ki samu roba mai murfi, ki ɗora a sama inda yaro ba ya kaiwa. Farasitamol na manya da na yara, bandeji, auduga, filasta, almakashi, abin auna zafin jiki, da ƙullin ORS na gudawa kamar biyar tare da ƙwayar zinki. In gudawa ta kama ba ORS a gida, ki haɗa da kanki: ruwa mai tsafta lita ɗaya, wato fiya wata guda biyu, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. A shafe na ce, ba a tule ba. Ki ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Ki rubuta wannan a takarda ki manna a cikin murfin robar, don ranar da hankali ya tashi ba abin da za ki tuna.

Abin da ya fi damuna ma ba rashin magani ba ne, abubuwan da muke yi ne da sunan taimako. Yaro ya ƙone, sai a rarumo makilin, ko ɗanyen ƙwai, ko manja, wata ma har da toka. A'a. Ruwa mai sanyi na famfo ko na randa za ki yi ta kwarara wa wurin kamar minti 20, ba ƙanƙara ba. Ki cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura, ki rufe da tsumma mai tsafta, in ƙunar da girma ko a fuska take, sai asibiti. In wurin ya ɗuri ruwa kada a fasa.

Kananzir kuma, don girman Allah a daina zuba shi a robar lemo. Yaro ya ga robar da ya saba sha a ciki, me kike so ya yi? In ya sha, kada a tura masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa manja wai ya yi amai. Aman ne ke kai kananzirin cikin huhu, can ne kuma yake ɓarna. A ɗauke shi zuwa asibiti, a tafi da robar. Haka in zazzaɓi ya sa yaro jijjiga: ba cusa cokali a baki, ba ɗura ruwa ko rubutu yana cikin wannan hali. Ki kwantar da shi a gefensa, ki sassauta masa kaya, in ta lafa ku tafi. Na san Inna za ta ce mu da haka aka raine mu kuma ga mu nan. Inna, Allah Ya ƙara girma, waɗanda ba su rayu ba ai ba sa cikin zauren nan balle su ba da nasu labarin.

Murya ta huɗu

Wannan ce ta ƙarshe, kada ku ce Gwaggo ta cinye muku data.

Takardu. Ɗan Kawunmu da ke Gwange a Maiduguri, da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, cikin dare ruwan ya same su. Da kayan jikinsu suka fita. Ya ce min katifa da talabijin bai sa su a ransa ba, abin da ya wahalar da shi daga baya takardun fili ne da sakamakon makarantar yara. Kuma fa garin ya taɓa ganin irinta a 1994, shekara talatin kafin wannan, har mutane sun manta. Ku da kuke gefen kwata, unguwar taku in an yi ruwa mai ƙarfi ai har soro yake shigowa. Ki tattara takardar gida, ta haihuwa, ta NIN, katin asibiti da shaidar karatunku, ki sa a leda mai kauri biyu, a jaka ɗaya, a saman sif. Ki ɗauki hoton kowacce a waya ki tura wa yayanki shi ma ya ajiye.

Lambobi kuma ki rubuta a takarda da biro, ki liƙa a bayan ƙofa. Yanzu wa ya haddace lambar wani? Ta maigida, ta babanki, ta 'yan kwana-kwana na jiharku, da 112 ta gaggawa, wadda kyauta ake kira. Amma gaskiya wadda za ta fi miki amfani ita ce ta mai adaidaitan unguwarku wanda zai ɗaga waya ƙarfe biyu na dare. Ku neme shi tun yanzu, maigidan ya yi masa magana da kansa, a riƙa kyautata masa. Ita kuma maƙwabciyar taki da kika ce min ba kya shiga harkarta, wai tana da surutu, gobe ki zuba abinci a kwano ki kai mata. Ni ina Kano kina can, in wani abu ya faru kafin in ɗaura zani ita ta riga ta tsallako katanga. Surutun nata ki jure.

Ranar Asabar in Allah Ya kai mu zan shigo, ki tanadar min sabulu da ruwa mu duba tiyon nan tare. Kafin nan ki bar kan tukunyar a rufe, ki yi girkinki a gawayi a tsakar gida. Alhaji, kai kuma tunda ka ce ba ka tsoro, kai za ka biya kuɗin yanka makullin. Ga kiran magariba nan, sai anjimanku.