Hukuncin rubuta tarihin mahaifi da taruwa don tunawa da shi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar mu da jikoki da yawa, wasu ma ba su yi wayo da shi ba. Muna so mu rubuta tarihinsa mu raba wa dangi, kuma mu riƙa haɗuwa duk ranar da ya cika shekara. Wani yayanmu ya ce bidi'a ce. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa.

Tambayarka abu biyu ce, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Rubuta tarihinsa halal ne, babu ko shakka. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa an wuce da wata gawa, Sahabbai suka yabe ta da alheri, sai Annabi (SAW) ya ce "ta wajaba", wato Aljanna, ya ƙara da cewa ku ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Shi kansa yana yawan ambaton Nana Khadija bayan rasuwarta, har Nana A'isha ta ce ba ta yi kishi da wata kamar yadda ta yi da ita ba. Jikan da ya karanta cewa kakansa ba ya cin amana, ai ya samu abin koyi.

Inda nake jin tsoro shi ne alƙalami ya zarce. Lokacin da Usman bin Maz'un ya rasu, Ummul Ala ta ce ta shaida Allah Ya girmama shi. Annabi (SAW) ya tambaye ta: me ya sanar da ke? Wannan fa sahabi ne da ya halarci Badar. To kada ku rubuta cewa Baba yana Aljanna, ku ce muna yi masa fata. Kada ku ɗora masa kyautar da bai yi ba, ko ilimin da bai da shi. Laifinsa kuma ku rufe, domin an hana zagin matattu.

Ware ranar cika shekara kuwa, a nan yayanku yana da hujja. Annabi (SAW) ya binne 'ya'yansa da Hamza, bai inganta cewa ya sanya musu rana ba. Wasu malamai sun sassauta idan zumunci kawai aka nufa, ba a ƙudurta cewa ranar tana da wata falala ba. Ni dai abin da na fi natsuwa da shi, ku haɗu duk lokacin da ya sawwaƙa, kada ku ɗaure shi da kwanan wata, kada kuma a mayar da zaman makoki sabo.

Ban ji ka ambaci bashi ko wasiyya ba. Ku fara da su kafin takarda. Sannan addu'a da sadaka mai gudana, kamar gonar da Sa'ad bin Ubada ya bayar don mahaifiyarsa. Ku kuma nemi aminansa da suka rage. Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi bin Umar ya ba wani balaraben ƙauye jakinsa da rawaninsa, don kawai mahaifin mutumin aminin Umar ne.

Wallahu a'alam.