Masu karɓar bashi sun hana ni barci a Bronx

Wani ɗan unguwar Aboabo ta Kumasi a Ghana, mai tuƙin tasi a Bronx cikin birnin New York, ya rubuto cewa a 2018 ya ci bashin dala 6,000 da katin banki domin a yi wa gidansu na Kumasi rufi, ya daina biya a 2020 da korona ta tsayar da aiki. Yanzu wani kamfani yana damunsa da waya, har da barazanar kai sunansa hukumar shige da fice. Yayansa kuma ya ce masa ya turo kuɗi, akwai wani a unguwar Adum ta Kumasi da zai goge sunansa daga kwamfuta.

Malam, ka kwantar da hankalinka. A Amurka ba a ɗaure mutum saboda bashin kati, ba a kuma korarsa daga ƙasa a kansa. Dokar tarayya ta 1977 ta haramta wa masu karɓar bashi barazanar ƙarya, da kira kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 9 na dare, da tona maganar ga dangi ko maƙwabta. Cikin kwana 30 da samun takardarsu ta farko, ka rubuta musu cewa kana jayayya da bashin, ka ajiye shaidar gidan waya. Tilas su dakata har sai sun kawo hujja. Galibi irin waɗannan kamfanoni sayen tsofaffin basussuka suke yi da araha, wani lokaci ko cikakkun takardu ba su da su.

Abin da mai wayar ba zai gaya maka ba shi ne, tun Afrilun 2022 wa'adin kai ƙara kan irin wannan bashi a jihar New York shekara 3 ne, kuma bisa lissafinka da alama ya wuce. Saboda haka kada ka ba kowa lambar asusunka ta waya, kada ka biya ko dala ɗaya kafin lauyan taimakon marasa ƙarfi ya duba maka kwanakin. Amma idan sammaci ya zo, kada ka cusa shi ƙarƙashin kujerar mota. Kai ne za ka amsa, ka faɗa wa kotu wa'adi ya wuce, domin wanda ya yi shiru a bayan idonsa ake yanke hukunci, a kuma soma cira daga asusunsa.

Mutumin Adum kuwa ɗan damfara ne. Na ga wata dattijuwa a unguwar Asawase ta Kumasi da ta sayar da keken ɗinkinta ta kai wa irinsa saboda ɗanta, da hoton fasfo da lambar soshal ɗin yaron, wato lambar shaidarsa ta gwamnatin Amurka. Bashin bai motsa ba, sai ma wani sabon kati da aka buɗe da sunansa.

Sai maganar yayanka, wadda ta fi ba ni takaici. A ƙarƙashin kwanon nan yake kwana damina bayan damina, amma bai taɓa tambayar yadda aka biya shi ba. Ka gaya masa gaskiya cikin ladabi, ka ci gaba da aika wa Hajiya kuɗin cefane da magani, sauran buƙatu su jira. Cikar wa'adin kotu ba ta sauke maka hakki a wurin Allah ba, don haka idan ta tabbata bashin naka ne, ka nemi ragi, a rubuta maka adadin da aka amince a takarda kafin ka biya, ka kuma adana rasit ɗin tare da takardunka na zama.