Amsar Barista kan maganar lauya Moltke

Assalamu alaikum jama'a. To Barista, na ji muryarka. Ka ce wai ta yaya Moltke, mutumin da ya yi shekara huɗu yana aiki a ofishin sojojin Hitler za a ce ya yi adawa da shi. Na gane inda ka dosa ai. Abin da kake tambaya shi ne, in mutum ya zauna a gidan azzalumi yana karɓar albashinsa, bai zama nasa ba? Ku yi haƙuri, muryar nan za ta ɗan yi tsawo.

Shi Helmuth James von Moltke ɗin nan, a 1907 aka haife shi a Kreisau, gandun gidansu, yanzu wurin yana cikin ƙasar Poland. Babban gida ne, janar Moltke da ya jagoranci yaƙin da aka ci Faransa a 1870 danginsa ne. Mahaifiyarsa kuma 'yar babban alƙalin Afirka ta Kudu ce. Da ya gama karatun shari'a, a 1935 ya ƙi aikin alƙalanci, saboda sai ya shiga jam'iyyar Nazi. Ya buɗe ofishinsa a Berlin yana taimakon Yahudawa masu neman ficewa daga Jamus. Har Ingila ya je ya ci jarrabawar lauyoyinsu. Ka ga da tsira da kansa yake nema, ga ƙofa nan a buɗe.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939 sai aka ɗauke shi a sashen leƙen asirin soja, ƙarƙashin Admiral Canaris, a matsayin masanin dokokin yaƙi. To nan ne nake so ka tsaya, Barista. A watan Satumban 1941 ana barin fursunonin yaƙin Rasha a fili da yunwa, suna mutuwa dubbai-dubbai. Moltke ya rubuta takarda, a'a, bari in gyara, ofishinsu ne ya shirya ta da hannunsa a ciki, Canaris ya sa hannu, aka kai wa Keitel, babban hafsan sojoji. Takardar ta ce ko da Rasha ba ta shiga yarjejeniyar Geneva kan kula da fursunonin yaƙi ba, tsohuwar ƙa'idar yaƙi ta hana a kashe wanda ya riga ya ajiye makami. Keitel ya rubuta a gefenta cewa wannan tunanin yaƙin mutunci ne irin na da, su yanzu aƙida suke son shafewa. Bai saurara ba, fursunoni kusan miliyan 3 suka mutu a hannun Jamus. Amma takardar nan ta kai har kotun Nuremberg, inda aka yi wa manyan 'yan Nazi shari'a bayan yaƙi, aka kafa hujja da ita a kan Keitel, aka rataye shi a 1946. Da babu wanda ya rubuta, da sai ya ce ba wanda ya gaya masa.

Ni abin nan yana taɓa ni, don na san nauyin biro. Lokacin ina aiki, an taɓa kawo mini fayil in sa hannu a kan filin wata bazawara, an riga an shirya komai, ni kaɗai ake jira. Na rubuta layi uku a ƙasa na ce ban yarda ba, ga dalilina. Wallahi sati biyu ba a yi ba aka ɗauke ni daga teburin. Filin kuma ya tafi, bai tsaya ba. Kuma abin da ya fi ci mini rai, abokan aikina ne suka riƙa cewa me na tsinta, ai da na yi shiru. Har yau in na wuce ta unguwar nan ina ganin katangar da aka ja, matar kuma ban san inda ta koma da 'ya'yanta ba. Kai, a bar wannan, ba shi ne zancen ba, kuma ba a haɗa nawa da nasa.

Ina muka tsaya? Yauwa, Kreisau. Sau uku suka yi babban taro a gidansa, a 1942 da 1943, shi da abokinsa Peter Yorck, da limaman coci, da 'yan gurguzu masu sassauci, suna tsara yadda za a sake gina Jamus bayan Hitler ya faɗi. Shi bai yarda a kashe Hitler ba, yana tsoron kada a mai da Hitler ɗin shahidi. A nan kam, Barista, in ka ce ya yi kuskure ba zan ja da kai sosai ba, wasu daga cikin abokansa ma sun saɓa masa.

An kama shi ran 19 ga Janairun 1944, don ya tsegunta wa wani abokinsa cewa za a zo kama shi. Wata shida ke nan kafin bam ɗin 20 ga Yuli da wasu hafsoshin soja suka dasa don kashe Hitler, saboda haka ba shi da hannu a ciki. Duk da haka alƙali Freisler ya yanke masa hukuncin kisa. Ya rubuta wa matarsa Freya cewa za a rataye su ne don sun yi tunani tare. Ran 23 ga Janairun 1945 aka rataye shi a kurkukun Plötzensee, yana da shekara 37, ya bar 'ya'ya maza biyu. Bayan kwana 11 bam daga jirgin sama ya faɗa kotun ya kashe Freisler ɗin.

Kun san yadda labarin ya iso mana? Wasiƙu. Kusan kullum sai ya rubuta wa Freya, na ƙarshe-ƙarshen limamin kurkukun, Harald Poelchau, shi yake fitar da su a ɓoye. Na shekarun yaƙin kuwa, a cikin amyar zuma ta ɓoye su a Kreisau, inda ɗan sandan ciki ba zai yi gigin cusa hannu ba. Ta rayu har 2010. An kira la'asar, sai na dawo.