Tambaya da Amsa: Gidan ƙauye mai lambu a cikin katanga

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da fili mita 30 a kan 25 a wani ƙauye kusa da Marwa. So nake in gina gidan zamani, amma da lambu a tsakar gida, katanga ta kewaye shi irin na iyayenmu. Ta ina zan fara?
Wani mai karatu, Marwa

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka sayi buhun siminti ko ɗaya, duba ƙasar. Yankinku akwai baƙar ƙasar nan da Fulani ke kira karal, wadda ake dasa masakwa a kanta. Da rani ta dare, da damina ta kumbura, ita ke tsaga katanga. In ita ce a filinka, a haƙa harsashi ya kai aƙalla mita 1, a shimfiɗa yashi, a zuba kankare da rodi. Katangar kuma kada ta tafi santal: duk mita 6 a bar tsaga ta santimita 2, ta samu wurin motsi.

Tubalin jar ƙasa da aka matse da inji, da siminti kashi 6 zuwa 8 cikin 100, ya fi bulo sanyi a zafin Afrilu. Amma santimita 40 na gindin ginin a yi da dutse, a ɗora wa katangar hula. Ruwa ta ƙafa da ta ka yake cin ginin ƙasa. Magina na son shafe tsohon tubalin laka da siminti zalla. Kada ka yarda, danshi zai taru a ciki, shafen ya ɓamɓare.

Ɗakuna su fuskanci kudu ko arewa, da rumfa mai faɗin mita 2 da rabi. Yamma ban da babbar taga. Zaure da sito su zauna arewa maso gabas, su tare ƙurar hunturu.

A lambun ka sa lemun tsami, gwaiba, rumman, zogale, da lalle a jikin hanya. Darbejiya dai ita ce inuwar Marwa, amma ita da mangwaro su yi nesa da gini da mita 8, saboda saiwa.

Rufin murabba'in mita 100, a ruwan milimita 800, lita 80,000 ke sauka a kansa a shekara. Haɗa indararo da tanki. Rijiya da masai su raba kusurwa, mita 30 tsakaninsu. Filinka zai ɗauka in aka auna a karkace.